Milimita Biyu a Bakin Gadar Serayu

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana taka layin dogo da ƙafa, daga tashar Kebasen har ƙetaren kogin Serayu, da guduma a kafaɗa da jar tuta a aljihun baya. Kowace mahaɗar ƙarfe sai ya tsuguna ya shafa ta, kowace ƙusa sai ya ƙwanƙwasa ya ji amonta, kafin jirgin farko ya iso. Da ya ajiye aiki sai ya fara gina gadar nan da ya saba takawa, 'yar ƙarama, a kan katako mai tsawon santimita ɗari da ashirin, a ɗakin da Inna take ɗinki kafin ta rasu.

Shekara shida yana kanta. Ƙarafunan gadar da siraran tagulla ya yi su, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan kogin sau uku yana zubawa yana kankarewa, don a cewarsa Serayu kalar shayi da madara ne, wanda bai yarda ba ya je ya gani. Layin ma bai sayi na kanti ba. Da hannunsa ya yanka 'yan katakan ƙarƙashin dogo, kowanne kamar tsinken ashana, ya kafe ƙarfen a kansu da ƙusoshin da sai da hantsaki ake ɗauka.

Su goma sha biyar ne a ƙungiyarsu ta masu ƙananan jiragen ƙasa a nan Purwokerto. Kowa yana da yankinsa a gida, wani tasha, wani gonar shinkafa, wani rami a cikin dutse, duk tsawonsu ɗaya, kowanne da layi biyu a kai. Sau ɗaya a shekara, cikin Agusta, sai a kwaso su zuwa ɗakin taron unguwa a jona su baki da baki su zama zobe, jirage su yi ta zagayawa kwana biyu, yara da iyayensu suna kallo. Gadar Baba ba ta taɓa shiga zoben ba. Kullum sai ya ce saura kaɗan. A ƙarshe dai ya sa aka rubuta sunansa a jerin masu shiga, a gaban kowa. Wata ɗaya bayan haka, cikin Janairu, ya faɗi a bakin famfo yana alwalar la'asar.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke sai 'yan kalmomi. Abin da ya rage a gadar shi ne bakin kudu: layi kamar taƙi biyu, da gangaren da ke ƙarƙashinsa.

Lokacin ina Semarang. Na gama karatun injiniyan gine-gine da sakamakon da ya fi na kowa a ajinmu, maza talatin da takwas, mata huɗu, kuma ba na sassauta murya idan zan faɗi haka. Takardar ɗaukar aiki daga wani kamfani a Balikpapan tana cikin jakata ranar da aka kira ni. Na hau jirgin yamma na dawo gida. Yayana yana Batam da mata da yara uku, ya yi kwana huɗu ya koma, ban kuma riƙe shi a rai ba.

Na koyi ɗaga namiji mai kilo sittin da biyar daga gado zuwa kujera ba tare da na karya bayana ba. Na koyi dama kunun shinkafa yadda ba zai shaƙe shi ba, da yi masa aski, da yi masa alwala, da kawar da kai a lokacin da yake so in kawar. Litinin da Alhamis ina kai shi gashi. Matan unguwa sukan tsaya a bakin shinge su ce kaico, Wening, ga karatu ga zaman jinya. Nakan ce musu karatu ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa. Wasu sun daina tsayawa, hakan ya yi mini.

Kullum bayan la'asar Baba yakan nuna ɗakin ɗinki da haɓarsa. Sai in tura kekensa na marasa lafiya zuwa ƙofar, ya zauna yana kallon bakin kudun da ba layi a kai, har a kira magariba. Wata biyu muna haka. Wata rana cikin Maris na tsuguna a gabansa na ce masa zan ƙarasa ta, kuma cikin Agusta zai ga jirginsa ya ƙetare. Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai.

Ranar Asabar na je inda 'yan ƙungiyar suke taruwa, benen shagon Koh Abun mai gyaran agogo. Tun daga matakala na ji muryar Pak Darsun, tsohon hedimasta kuma shugabansu, yana yi wa Mas Tulus tsiya. Mas Tulus likitan haƙori ne, kuma shi ne mai yi wa kowa bishiyoyi.

“Likita, waɗannan kuma mene ne? Bishiyar kwakwa ce ko tsintsiyar matarka ka sato?”

“Tsintsiyar ta fi tasharka, Hedimasta. Shekara tara ba rufi. Fasinjojinka duk mura ta kashe su.”

“Ina jiran kwano mai kyau.”

“Kana jiran Mala'ika dai.”

Koh Abun yana gefe da madubin agogo maƙale a ido ɗaya, yana ciro gashin kyanwa daga ƙafafun wani tarago. Kyanwarsa ta mayar da ramin dutsensa ɗakin kwana, kuma ya ƙi korarta, wai ita kaɗai ce fasinjar da ba ta ƙorafi. A tsakiyar tebur akwai tire na mendoan, curin waken soya da aka tsoma a ƙullu aka soya, yana tururi, da koren barkono a gefe. Dokar gidan ita ce mai maiƙo a hannu ba ya taɓa jirgi, don haka kowa da tsinke yake ci.

Da suka gan ni sai hirar ta tsaya. Suka tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi. Nduk suke ce mini, kamar yadda suke ce wa duk 'yar da aka haifa a gabansu. Koh Abun ya jawo mini kujera, Mas Tulus ya zuba mini shayi. Na faɗa musu abin da ya kawo ni: gadar za ta shiga zobe bana, ni zan ƙarasa, ina buƙatar awon bakin yanki.

A nan ne na fara jin yadda abin yake. Awon bakin yanki da wani farantin ƙarfe ake yi, mai ramuka biyu na turakun da ke riƙe yanki da yanki, da tsaga huɗu inda ƙarafunan layi za su zauna. Tsohuwa suke kiransa. Wani maƙeri daga cikinsu, marigayi Pak Ngadiyo, ya yanka shi shekara goma sha tara da suka wuce. Ba a ba da aron Tsohuwa. Idan mutum ya zo shimfiɗa bakin layinsa, Pak Darsun ne zai kawo ta gidansa da kansa, a ba shi shayi, ya ɗora ta, ya riƙe har a kafe ƙarfe, ya kushe duk abin da idonsa ya gani a yankin, sannan ya naɗe ta a tawul ya tafi.

Da a nan Pak Darsun ya tsaya da babu komai. Amma sai ya cire tabarau ya ce, “Ki kawo mana ita nan, Nduk, mu ƙarasa wa babanki Kasmiran abinsa. Ga jinya ga wannan, ai ya yi miki yawa. Kuma aikin layi ba a jami'a ake koyonsa ba.”

Wata biyu ina jin ana gaya mini abin da ya yi mini yawa. Na ajiye kofin.

“A jami'a an koya mini gina wadda mutane za su hau, Pak. Ta wasa ba za ta gagare ni ba.”

A ɗakin nan ana iya zagin mutum da iyayensa a yi dariya, amma ba a kiran abin nan wasa. Mas Tulus ya sunkuya yana gyara ganyen kwakwarsa. Koh Abun ya yi gyaran murya ya ce to shi ke nan, Hedimasta ya zo da Tsohuwa duk Asabar ɗin da na shirya. Na ce gidanmu yanzu ba na karɓar baƙi ba ne. Na tambaya ko ba su da awon a rubuce. Akwai, in ji shi, ya buɗe durowa ya ciro wata takarda da ta yi ja don tsufa, da zane da lambobi, da hatimin ƙungiya a ƙasa. Tsakanin layi da layi milimita hamsin. Na ce wannan ta ishe ni.

Ban san aikin zai ci ni haka ba. Lokacin da nake da shi shi ne tsakanin azahar da la'asar, idan Baba ya yi barci. 'Yan katakan farko da na yanka guda sittin, da na jera su kusa da na Baba sai suka zama kamar haƙoran tsoho, na zubar. Ƙusoshin suna tsalle daga hantsaki su ɓace, in taka su da tafin ƙafa bayan kwana biyu. Ranar da na fara zuba tsakuwa, gam ya yi kauri, ya bushe fari fat a kan duwatsun, na kwana uku ina kankarewa da allura. Dalma ta ƙona mini yatsa biyu. Ban tambayi kowa ba. Na buɗe littafin da Baba yake rubuta abin da ya yi kowace rana, da rubutunsa mai kwanciya, na bi shi shafi shafi. A ciki na ga cewa ana ɗiga sabulu kaɗan a ruwan gam don ya ratsa tsakuwa, kuma ƙasar gangaren daga bakin Serayu ya ɗebo ta, ya soya ta a tukunyar Inna don kashe ƙwari. Na hau babur na je na ɗebo, na soya.

Ban daina zuwa benen Koh Abun ba. Duk Asabar, idan maƙwabciyarmu ta zauna da Baba awa biyu, nakan je sayen ƙusa ko fenti, in zauna in ci mendoan da tsinke. Sannu a hankali suka saba da ni. Mas Tulus ya ba ni wani ƙaramin ƙarfen goge haƙori ya ce ya fi kowane magagari, kada dai in tambayi bakin da ya shiga. Na zauna ana gardama wata guda a kan kalar tsatsar layi, ko ja ce ko ruwan ƙasa, har Koh Abun ya je tasha ya kankaro tsatsa a ambulan ya kawo, aka duba, kowa ya ce ai abin da ya faɗa ke nan. Ni da Pak Darsun muna gaisawa. Bai ƙara maganar Tsohuwa ba, ni ma ban ɗauko ba.

Cikin Yuni, satin da zan kafe bakin layi, ya zo duba Baba. Na ga jakarsa ta yi nauyi a gefe ɗaya, na ga bakin tawul ya leƙo. Kafin ya zauna na je na kulle ɗakin ɗinki na jefa mabuɗin a aljihu. Na kawo masa shayi da soyayyen rogo. Ya zauna yana ba Baba labarin wanda ya rasu da wanda ya aurar da 'ya, Baba yana saurare da rabin murmushi. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ina buƙatar wani abu, gidansa ba nisa. Na ce na gode.

Bayan ya fita Baba ya kama hannuna da hagunsa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

“Tso… huwa.”

“Na auna sau bakwai, Baba, da ma'aunin lantarki. Ya fi ƙarfen nan nasu daidai sau goma.”

Ya sake faɗa. Na gyara masa matashi na ce lokacin magani ya yi. Washegari na kafe ƙarafunan huɗu da dalma a kan sukurori na tagulla, na zuba tsakuwa da gam, ta bushe kamar siminti. Na ɗora tarago ɗaya na tura shi da yatsa, ya gangara daga bakin Baba zuwa nawa ba ko gargada. Na yi alfahari da aikin nan, har yau kuma ina yi.

Ranar taro Mas Tulus ya zo da a-kori-kura da hantsi. Muka ɗora gadar a baya a kan katifa, na zauna ina riƙe da ita, Baba a gaba da rigarsa ta batik mai ruwan ƙasa wadda bai sa ba tun bikin yayana. A cinyarsa akwai kwalin kan jirginsa, baƙi mai hayaƙi, irin wanda ya gani yana yaro.

Ɗakin taron ya cika da ƙarar guduma da tsiya. Ƙarfe goma za a buɗe wa jama'a ƙofa. Da aka shigo da gadar aka cire mayafin, sai kowa ya bar abin da yake yi. Koh Abun ya sa madubinsa ya bi ta daga wannan baki zuwa wancan, ya ce shi bai ga inda uba ya tsaya 'ya ta ɗauka ba. Pak Darsun ya ce ciyawar gangaren ta cika kore. Mas Tulus ya raɗa mini cewa wannan a bakin Hedimasta lambar yabo ce.

An bar wa gadar gurbi tsakanin gonar shinkafa da ramin Koh Abun. Aka fara da bakin arewa, na Baba. Turakun suka shige kamar an shafa musu mai, ƙarafuna huɗu suka haɗu da huɗu, ko farce ba zai shiga ba. Aka turo ramin dutse zuwa bakina. Turaku suka shiga. Na sunkuya.

Layin ciki ya haɗu. Na waje ya kauce, kaɗan, kamar kaurin tsinken ashana.

Na ce katakon ramin ne ya bankare. Na ciro ma'aunina daga jaka na auna nawa a gabansu: hamsin cif. Na auna na Koh Abun: hamsin da biyu. Na zagaya na auna gonar shinkafa, da tashar Pak Darsun, da bakin da Baba ya shimfiɗa da hannunsa, wanda ban taɓa aunawa ba don ban ga dalili ba. Duk hamsin da biyu. Layin Baba ya taho da faɗinsa ya bi gada, ni kuma na matse shi a hankali cikin taƙi biyu har ya dawo abin da takarda ta ce, ina ganin gyara nake yi wa tsoho.

Pak Darsun ya warware tawul ya miƙo mini Tsohuwa. Wannan ne karon farko da na taɓa ta. Na auna tsagarta: hamsin da biyu.

Sai a lokacin aka fara tuno yadda aka yi. Shi Pak Darsun ne ya kwafo lambobin daga wata mujalla ya ba marigayi Ngadiyo, Ngadiyo ya yanka da zarto a shagonsa, aka ajiye takarda a durowa, aka ci gaba da aiki da ƙarfe. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa ɗora wannan a kan wancan.

Na ce, “Takardar ce daidai.”

“Ita ce daidai, Nduk,” in ji Pak Darsun. Ba tsiya a muryarsa, da akwai da ya fi mini sauƙi. “Amma yanki goma sha huɗu ƙarfen suka bi.”

Ƙarfe tara da kwata ta yi. Don a gyara sai an jiƙa tsakuwar an ɗaga layin taƙi biyu, a sake kafewa, gam ya kwana ya bushe. Kowa a wurin ya san haka. Koh Abun ne ya kawo shawara: a rufe layin waje na yau da gobe, jirage su bi na ciki kaɗai. Rabin jiragen ke nan za su zauna a kwali, na mutanen da suka yi shekara suna jiran kwana biyun nan. Na ga fuskoki biyu sun canza, amma ba wanda ya ce a'a. Mas Tulus ya ce shi dama nasa yana tari. Pak Darsun ya ce in kowa ya yarda, ya yarda.

Na buɗe baki zan yi godiya, abin da ban saba ba, sai na ji ƙarar keke. Baba ne yake tura ƙafar keken da hagunsa, yana juyawa wuri ɗaya. Na tura shi zuwa mahaɗar. Ya miƙa hannu ya ɗora babban yatsa a kan layin ciki, ya shafa sau ɗaya. Ya koma na waje, ya shafa, ya dawo, ya sake shafawa. Sannan ya ɗaga hannun sama, tafin a buɗe, ya riƙe shi a haka. Duk wanda ya girma kusa da layin dogo ya san wannan hannun.

“Kasmiran,” in ji Koh Abun, “na kwana biyu ne fa. Ba wanda ya ƙi.”

“A'a.”

“Yarinyar nan ta yi wata biyar a kai.”

“A'a,” in ji Baba, bai sauke hannun ba.

Shekara talatin da ɗaya bai taɓa barin jirgi ya bi yankin da mahaɗa ɗaya ta kauce ba, kuma bai ga dalilin farawa a kan gadarsa ba. Ni na zare turakun da hannuna. Aka janye gadar, aka kawo wani yanki na fili da ake ajiyewa don irin wannan rana, layi biyu a kan ciyawa ba komai, aka cike gurbin. Zobe ya rufe ƙarfe goma saura kwata.

Na tsaya a jikin bango riƙe da ƙafar teburin gadar. Idona ya yi zafi, na ƙi ba shi dama. Pak Darsun ya zo ya ce tasharsa tana da reshe da ya fita gefe, yana ƙarewa a iska, in na yarda a jona bakin arewa a can. Jirgi zai iya hawa gadar, sai dai ba inda za shi, dole ya dawo da baya. Na ce a tambayi Baba. Baba ya gyaɗa kai.

Haka gadar ta tsaya a wajen zobe, bakina yana kallon ƙofar shiga, ba komai a gabansa. Mutane suka shigo. Jirage suka fara zagayawa, wannan ta nan wancan ta can. Wajen sha ɗaya Pak Darsun ya tsayar da layin ciki, ya ɗora baƙin kan jirgin Baba da tarago uku, ya juya makarkatar reshe, ya sa akwatin tuƙi a cinyar Baba ya ɗora yatsun hagunsa a kan maɓallin.

Jirgin ya fito daga tasha a hankali, ya karkata, ya hau gangaren arewa. Da ya shiga tsakanin ƙarafunan gadar sai amonsa ya canza, ya yi zurfi, kamar yadda na gasken yake yi. Baba ya tsayar da shi a tsakiya, a kan ruwan shayi da madara. Na ɗauka a nan zai juya. Sai ya sake murɗawa. Jirgin ya sauka daga gadar ya hau layina. Koh Abun ya yi sauri ya je bakin teburin ya tara hannu biyu a ƙasa. Baba bai dube shi ba. Ya karkata kai yana sauraren ƙafafun jirgin a kan 'yan katakan da na yanka, ɗaya bayan ɗaya, har saura faɗin yatsa a faɗa, sannan ya tsayar. Jirgin ya ɗan jima a wurin. Wata mata a bayana ta tambayi mijinta ko ya lalace ne. Baba ya juya maɓallin, jirgin ya koma da baya, ya bi gada, ya shige tasha.

Sau ɗaya ya yi. Ya nuna a karɓi akwatin, ya nuna ƙofa. Da muka isa gida na cire masa rigar batik, na dama kunu, ya sha rabin kofi.

Na yi niyyar jiƙa tsakuwar a satin. Amma sai zazzaɓi ya kama shi, daga nan ƙirji, muka yi ta zarya tsakanin gida da asibiti, ɗakin ɗinki ya zauna a kulle. Ya rasu cikin Nuwamba, ranar Talata da hantsi, ina yanke masa farce. Su goma sha huɗu suka zo jana'iza, har Koh Abun da ba Musulmi ba, wanda ya tsaya daga wajen masallaci cikin yayyafi da hularsa a hannu.

Jirgin Baba bai taɓa ƙetare gadarsa ya wuce ba. Ni na jawo haka. Mutane sun yi ta ƙoƙarin sauke mini, wai rabo ne, wai laifin takarda ne, wai ai ya gani ya ji daɗi. Ban ba kowa ya taya ni ɗauka ba, kuma ba zan ba da ba. Kamfanin Balikpapan sun daɗe da ɗaukar wani. Na sami aiki a nan, ina duba magudanan ruwa na gunduma, yayana yana ta kira in sayar da gidan in koma wurinsu, ina ce masa ba yanzu ba.

Bayan sadakar arba'in na buɗe ɗakin. Na cika kofi da ruwan ɗumi, na ɗiga sabulu, na fara zubawa a kan tsakuwar bakin kudu da cokalin shayi. Gam ɗin ya yi taurin kai. Sai da na kwana huɗu ina jiƙawa kafin dutsen farko ya motsa.